Takardar da Ban Miƙa Ba

Ranar da aka manna sunayenmu a allon sanarwa na tsangayar aikin gona, sau huɗu na je na karanta nawa. Karo na farko ni kaɗai, sauran ukun kuma ina janye da wani a hannu don shi ma ya gani da idonsa. Mu uku aka zaɓa daga ajinmu za mu je wata jami'a a Masar mu yi zangon karatu ɗaya, ƙarƙashin musayar ɗalibai da jami'armu ta ƙulla da su, kuma mu ne rukunin farko. Ina aji uku a lokacin, ina karanta ban ruwa da noman rani. Ni ɗan manomin shinkafa ne na Bakolori, gidanmu yana Talata Mafara, kuma duk danginmu babu wanda ya taɓa hawa jirgin sama in ba aikin Hajji ne ya kai shi ba. Ga ni, wai karatu ne zai ɗaga ni sama. Murna kamar in zuba ruwa a ƙasa in sha.

Dama can ni ba mai iya riƙe farin ciki a ciki ba ne. Kafin la'asar katin wayata ya ƙare, na ari ta abokina ita ma na ƙarar. Baba na samu yana gona, ina jin ƙarar injin ban ruwa a bayansa. Ya tambaye ni Masar ta Fir'auna nake nufi, na ce ita. Sai na ji yana kiran maƙwabcin gonarsa yana gaya masa, ya ma manta ina kan layi.

Bayan kwana biyu aka tara mu a ofishin da ke kula da hulɗa da jami'o'in waje. Wani jami'i mai sanyin murya ya raba mana ƙa'idojin tafiyar, shafi biyu. Shafin farko maganar kuɗi ce. Kuɗin makaranta za mu biya a gida yadda muka saba, can ba za a karɓi ko sisi na karatu ba, kuma su za su ba mu ɗakin kwana. Jami'armu za ta ɗauki rabin tikiti. Sauran rabin, da fasfo da biza da abinci, duk a wuyanmu suke. Shafi na biyu maganar kiredit ce, wato nauyin da kowane kwas yake da shi, wanda ake tara wa ɗalibi har ya cika abin da zai ba shi digiri. Akwai fom da za ka jera kwasa-kwasan da za ka ɗauka a can, kowane a gefen takwaransa na gida. Shugaban sashenka ya duba ya sa hannu, a buga hatimi, tun kafin ka bar ƙasar. Ka riƙe fom ɗinka, in ka dawo ka haɗa da sakamakonka ka kawo. Jami'in har ya maimaita mana cewa wanda ya tafi babu sa hannu, yawon buɗe ido ya je.

Ba zan ce ban ji ba, na ji sarai. Sai dai hankalina yana kan shafin farko, ina ta tunanin inda Baba zai samo rabin tikiti, sauran hankalin kuma ya riga ya shiga jirgi ya zauna kusa da taga.

Shugaban sashenmu wani dattijon farfesa ne, mutumin Maradun, wanda ya koyar da rabin malaman da ke koyar da mu. Ya san Baba tun zamanin da yake zuwa Bakolori gwajin irin shinkafa, saboda haka bai taɓa kirana da sunana ba, ɗan Mafara yake ce mini. A aji Turanci yake zubawa har sai ka ji tsoro, amma in ka shiga ofishinsa Hausar gida yake yi da kai. Na cika fom ɗina da kyau, na naɗe shi a hannun dama tare da biro, na yi sallama na shiga na durƙusa. Muka gaisa gaisuwa irin tamu, wadda ba a yi mata gaggawa. Ya tambayi Baba da Inna, ya tambayi ruwa a kanal, ya tambayi ko tsuntsaye sun bar mana shinkafar bana. Sai da aka gama duk wannan ya ce in gaya masa abin da zan karanta a can. Na jero masa kwas biyar da ka, yana gyaɗa kai.

“Na yarda, ɗan Mahwara,” in ji shi. “Tahi ka yi karatu, ka buɗe ido ka ga yadda su ka ba gona ruwa. Allah shi kai ka lahiya, shi maido ka lahiya.”

To a nan ne abin ya faru, in ma za a kira shi faruwa, don ban yi komai ba. A gidanmu babba in ya ce ya yarda, magana ta ƙare. Baba yakan sayar da albasar gona guda ga ɗan kasuwa tun tana ƙasa, da baki kawai, kuma ko farashi ya tashi washegari ba ya canzawa. Aron gona da baki ake yi. Aure ma, da ya fi komai nauyi, ban taɓa ganin an ce waliyyi ya sa hannu ba. Yanzu dattijo sa'an ubana ya ba ni kalmarsa, ya ɗora da addu'a, sai in warware takarda in tura masa gaba in ce rubuta? A kunnena wannan daidai yake da in ce masa ban yarda da bakinsa ba. Na shafa addu'ar da fom ɗin a hannuna, na zura shi a aljihu, na yi godiya na fita da baya. A raina na ce gobe sai in kawo wa sakatarensa ya shigar masa da shi cikin sauran takardu.

Gobe kuma aka ce mu je ɗaukar hoton fasfo. Jibi maganar biza ta taso. Daga nan hutu ya zo, Baba ya kira ya ce in dawo gida a fara ban kwana.

Wanda bai san ban kwana a wurinmu ba zai ɗauka ɗaga hannu ne a ce sai an dawo. Baba ya zaunar da ni ya lissafa mini gidajen da zan shiga, ya ce in na tsallake ko ɗaya shi za a riƙe, ba ni ba. Kwana biyu na yi ina zaga Mafara kaɗai. Na je Bakura wajen Gwaggo, na wuce Birnin Tudu wajen Kawu, na je Maradun wajen dangin Inna, wanda sai dai a tafi da hantsi a juyo kafin la'asar saboda halin da hanya take ciki. Ko'ina na shiga sai a shimfiɗa mini tabarma sabuwa, ni da jiya-jiya ake aike na sayen gishiri. In zan fita a damƙa mini ɗan abin da ya samu a tafin hannu a rufe, a ce a sha ruwa a hanya. Da wannan da albasar da Baba ya sayar aka haɗa rabin tikitina. Guzuri kuwa ba a magana: kilishi, ƙuli-ƙuli, yaji, daddawa, garin kunu. Gwaggo ta yi mini hoce, gurasar dawa ta wajenmu, cikin wani babban kwano, ta ce ta ji mutanen can ba su san dawa ba. Ta kuma ba ni saƙo, in je in ga gawar Fir'auna da idona in dawo in gaya mata ko dogo ne ko gajere. Wani tsoho a Birnin Tudu shi kuma rumbunan da Annabi Yusuf ya tara hatsi yake so in dubo masa irin gininsu. Duk na ɗauki alkawari, ban ma san ko akwai su ba.

Kaina ya fasu a wannan makon, gaskiya. Ina tafe ina jin ana nuna ni. Na ɗinka kaftani biyu, na sayi tabarau baƙi wanda ba na ganin komai da shi in na shiga inuwa. Sau ɗaya fom ɗin ya faɗo mini a rai, ranar da nake haɗa takardu na gan shi a ninke. Na ce ai Farfesa ya yarda, na sa shi cikin jakar fasfo.

A filin jirgi kayana suka fi nauyin da aka yarda. Na tsaya a gefe ina ciro ƙulle-ƙulle ina raba wa waɗanda suka rako ni, amma hocen Gwaggo na ce ko ni ko shi. Da jirgi ya tashi na karanta duk addu'ar da na sani, har da ta shiga kasuwa. Da muka kusa sauka na leƙa ta taga na ga kogin Nilu, kore shar a gefensa biyu, daga nan kuma rairayi har iyakar gani. Na dafa ɗan ajinmu da ke kusa da ni na ce ya duba, ya ce ya gani, na ce ya sake dubawa.

Wata huɗu na yi a can, kuma ban taɓa jin daɗin karatu irin na wannan lokacin ba. An kai mu gonakin da ake ba ruwa ɗigo-ɗigo a tsakiyar hamada, tumatir ya yi jawur a wurin da ko ƙaya ba ka zaton za ta fito. Na ga manomi yana auna ruwan da zai ba gonarsa, mu da muke sakin kanal sai gona ta zama tafki. Kullum da safe wake da gurasa, yajin Inna ne ya cece ni. Hoce ya samo mini abokai 'yan Sudan, waɗanda suka ce a garinsu ma akwai mai kama da shi. Larabcin Islamiyya da nake taƙama da shi kuwa, in na yi shi a kasuwa sai masu shago su kira juna a zo a ji, wai ina magana kamar mai huɗuba. Ban damu ba, na ci gaba da yi musu huɗubar. Na hau raƙumi a gaban dalar Fir'auna na ɗauki hoto, na tura wa duk wanda nake da lambarsa, har da wanda muka yi faɗa. Amma na yi karatu, wannan kam babu mai ƙwace mini. Kwas biyar na ɗauka, biyar ɗin na ci.

Da na dawo Mafara aka laƙaba mini Bamisire, ni kuma na karɓa hannu bibbiyu. A majalisar ƙofar gida ba a gama magana uku ban ce “a Masar kuwa” ba. Na bi Baba gona na tsaya a kan kunya da tabarau ina yi masa bayanin irin ruwan da yake ɓarnatarwa. Ya bar ni na gama tsaf, sannan ya miƙo mini fartanya. Gwaggo na gaya mata Fir'auna matsakaici ne, ba ta ji daɗi ba.

Da aka koma makaranta na je yin rajistar ajin ƙarshe, na tarar Farfesa ya yi ritaya ya koma gida. An naɗa sabuwar shugabar sashe, wata dakta da ita ma ɗalibarsa ce a da, mace mai magana a hankali wadda ba ta ɗaga murya. Na miƙa mata sakamakona ina murmushi tun kafin ta buɗe. Ta duba ta yaba, har ta ce na fitar da sashen kunya. Sannan ta warware fom ɗin, ta juya bayansa, ta sake juyo gabansa. Ta tambaye ni ina sa hannun. Na ce mata, gaba gaɗi, Farfesa ya yarda da bakinsa, a wannan ofishin, a kan wannan kujerar da take zaune. Ta ce sauran biyun da muka tafi tare duk nasu da sa hannu da hatimi. Ashe su sun bar wa sakatare nasu tun a makon farko.

Ta yi mini bayani dalla-dalla. In babu sa hannu, kwasa-kwasan Masar ba za su shiga lissafin kiredit ɗina ba. In ba su shiga ba, zangon nan fanko ne a takarduna. Takwarorinsu na gida kuma sau ɗaya ake koyar da su a shekara. Ke nan ba zan shiga ajin ƙarshe ba, sai in maimaita shekara guda, 'yan ajinmu su gama su bar ni.

Ina da zuciya, kuma ranar ta tashi. Na ce mata ashe takarda ta fi mutum daraja a wannan jami'a. Na ce ilimin yana kaina, in ana so a yi mini jarrabawa yanzu a tsaye. Na faɗi wasu maganganun da ba zan maimaita ba. Ta bar ni na huce, sannan ta ce ita ta yarda da ni, ta kuma san halin Farfesa, amma babu gurbin da za ta rubuta yardarta a cikin takardun jami'a. Ta ce akwai kwamitin da ke sauraron koke irin wannan, zai zauna nan da mako biyu, in rubuta in kai. Ba ta yi mini alkawarin komai ba.

Wani abokina ne ya kawo dabara. Ya ce me zai sa in wahalar da kaina da kwamiti, in je Maradun kawai Farfesa ya sa hannu da tsohon kwanan wata, hatimi kuma a san yadda za a yi. Nan take na ji duniya ta dawo mini sabuwa, har na saya masa shayi da ƙwai.

Na biya ta Mafara na kwana. Dole na gaya wa Baba halin da ake ciki, ban dai gaya masa dabarar ba. Ya saurara yana gyaran buhu, sannan ya tambaye ni ko Farfesa ya ce ya yarda. Na ce ya ce. Ya tambaya ko yanzu ya musa. Na ce bai musa ba.

“Tau mi ya rage?” in ji Baba.

Da gaske bai ga matsalar ba. Ya ma ƙara da cewa da na miƙa wa dattijon nan takarda bayan ya yi magana, da shi ne zai ji kunya a garin nan. Na yi dariya, alhali kuka nake son yi, domin duk wanda zai goyi bayana ba shi da kujera a kwamiti.

Na sami Farfesa a lambun bayan gidansa a Maradun, cikin wata tsohuwar riga, yana yi wa gwaiba aski. Ya yi murna da ganina ƙwarai. Ya sa aka shimfiɗa tabarma, ya ce in ba shi labarin Masar tun daga farko. Ai kuwa ya taɓo mini inda yake mini ƙaiƙayi. Na miƙe tsaye ina kwatanta masa bututun ɗigo, ina zana kanal a ƙasa da tsinke, ina kwaikwayon masu shagon da ke dariyar Larabcina, shi kuma yana dariya har da share hawaye. Sai da na ci kusan awa guda kafin na tuna abin da ya kawo ni. Na ciro fom ɗin na miƙa masa da hannu biyu, na gaya masa abin da ya faru, na kuma gaya masa abin da nake so, ina kallon tabarma.

Ya sa tabarau ya karanta fom ɗin, a karon farko, ya daɗe yana karantawa. Ya tambaye ni wace rana nake so ya rubuta. Na faɗa masa. Ya ninke takardar yadda take ya miƙo mini.

“Wagga rana ta wuce, ɗana. Ba ni rubuta ta yau.”

Na roƙe shi. Na ce ai ba ƙarya ba ce, tunda ranar ya yarda. Ya ce yarda kam ya yarda, amma sa hannu bai sa ba, kuma takardar sa hannu take tambaya. Na ce shekara guda ce ta rayuwata. Ya ce ya sani. Abin da kawai ya ƙara tambaya shi ne yaushe kwamitin zai zauna, na ba shi amsa a gajarce. An kawo mini tuwo daga cikin gida, na ce na ƙoshi, na yi sallama na tafi. A mota ina ta yi masa shari'a a zuciyata: shi ya jefa ni ciki, kuma ɗan layi ɗaya na biro ya gagare shi.

Ranar kwamiti tun da safe nake zaune a kan benci a ƙofar ɗakin taron, na sa kaftanin Masar ko zai yi mini wani amfani. Na haddace jawabin da zan yi, ina ta maimaitawa ina mantawa. Wajen sha ɗaya da rabi na ɗaga kai na ga Farfesa yana hawo matakala a hankali, yana dafa bango, babbar rigarsa duk ta yamutse saboda zaman mota. Daga baya na ji tun bayan sallar asuba ya fito, mota uku ya canza. Na miƙe. Ya ce in wuce mu shiga.

Mutum shida ne a kwamitin, har da sabuwar shugabarmu, kuma da suka gan shi duk suka miƙe, don yawancinsu ya koyar da su. Aka jawo masa kujera ya ce a bar shi a tsaye. Da Turanci ake zaman, amma shi da Hausa ya yi magana.

“Laihin ga nawa na,” in ji shi. “Da ni anka rubuta ƙa'idag ga. Ranad da yaron ga yaz zo, na ga takarda hannunai, na ga biro. Ina kallo yas sa ta aljihu. Ban ce mai komi ba, don daɗi naj ji. Shekara talatin ina sa hannu ga takardun mutane, ban taɓa ganin wanda yaɗ ɗauki maganata ita ɗai yat tahi da ita ba. Son girma na, ba wani abu ba.”

Kowa a ɗakin ya sami abin kallo a kan teburinsa. Ni kuwa a zuciyata har na fara rawa. Sai kawai Farfesa ya karɓi fom ɗin daga hannuna ya nuna musu layi na biyar. Ya ce wannan kwas ɗin bai yi daidai da takwaransa na gida ba, na can bai taɓo gwajin ƙasa ba sam, kuma da ya karanta takardar tun farko da ya gani. Ya ce huɗu yake roƙo a lissafa mini, na biyar kada a lissafa. Na kalle shi baki buɗe. Mutum ya taso tun daga Maradun don ya cece ni, ya iso kuma ya yanke mini ƙafa ɗaya. Jawabin da na haddace ko buɗe shi ban yi ba, aka ce mu jira a waje.

Ba su daɗe ba suka kira mu. An karɓi huɗu. Na biyar zan ɗauke shi a ajin ƙarshe, ƙari a kan nawa. An kuma ce daga yanzu ba za a ba kowa rabin tikitinsa ba sai ya nuna fom da sa hannu. Abin da kunnena ya ɗauka dai shi ne zan shiga ajin ƙarshe tare da 'yan ajinmu. Na gode wa kowa ɗaya bayan ɗaya, na gode wa shugabar sashe sau biyu, na ba ta haƙurin maganganun da na yi mata, har magatakardan da ke rubutu na gode wa. Matakalar nan uku-uku na sauke ta. Na kira Baba na gaya masa, ya ce dama shi ya san babu wata matsala.

Farfesa ya ce ba zai tsaya ba, yana so ya shiga gida da sauran rana. Na raka shi tasha, ina gaba ina zuba, yadda zan yi da kwas na biyar, yadda zan yi aikin bincikena a kan ruwan Bakolori, yadda za a yi walima in na gama. Yana biye yana cewa madalla. Na so in biya masa kuɗin mota ya hana. Sai da ya zauna a gidan gaba, ya sunkuya yana sassauta takalminsa, na ga ƙafafunsa sun kumbura. A nan na tuna abin da na nema a wurinsa. Na je gidansa na ce ya yi mini ƙarya a ɓoye, da biro, abin minti ɗaya. Shi kuma ya gwammace ya yi tafiyar rabin yini a kan wannan hanyar, ya tsaya a gaban yaran da ya koyar ya faɗi abin da babu wanda ya sani a kansa sai shi. Kunya ta rufe ni, irin wadda ban taɓa ji ba.

Na matsa jikin taga ina haɗa kalmomin da zan ce ya yafe mini. Ya riga ni, ya ce in gaishe da Baba, in kuma mai da hankali a kan gwajin ƙasa don ba wasa ba ne. Direba ya ta da mota. Na ce to, Allah ya kiyaye hanya, motar ta fita daga tasha ban faɗa ba.